Ƙaryar da Na Yi wa Bindiga

A littafina na farko na labarin 'yan sanda akwai babin da na fi alfahari da shi. Ɗan fashi ya ja saman bindigarsa ƙirar Glock, harsashi ya hau, ya ɗora bakinta a kan amarya. Jarumin labarin ya yi murmushi, ya ce masa ai bai ɗana guduma ba, bai kuma zare sakata ba. Ɗan fashi ya ja kunama, shiru, jarumi ya yi kukan kura ya danne shi. Masu karatu suka yi ta yabo, ni kuwa kaina ya kumbura.

Kawuna, tsohon ɗan sanda, shi ya sauke mini girman kan. Ya aika a kira ni, na same shi a zaure da littafin a cinya, ya lanƙwasa kunnen shafin.

"Ɗan nan, wa ya nuna maka gudumar Glock?"

Na ce, "Kawu, ai haka ake yi a fim."

Ya ce, "To amaryar nan taka ta rasu, sai ka je ka yi wa danginta ta'aziyya."

Tun ina yaro bindigar da na sani ita ce ta mafarautan ƙauyenmu, wadda sai an ja gudumarta baya da babban yatsa kafin ta tashi. Finafinan kaboyi suka ƙara tabbatar mini da haka, sai na ɗauka kowace bindiga haka take. Ashe wannan iri ɗaya ne cikin iri da yawa, kuma abin da ya raba su shi ne yawan aikin da aka ɗora wa kunama.

A irin na farko kunama aikinta ɗaya, sakin gudumar da aka riga aka ɗana. Libarbar Colt ta 1873, wadda kaboyi ke ratayawa a ƙugu, haka take, kowane harbi sai an ɗana ta da hannu. Haka ma M1911 da John Browning ya ƙera, wadda sojojin Amurka suka riƙe daga 1911 zuwa 1985, sai dai ita bayan harbin farko tana ɗana kanta. Kunamarta ba ta da nauyi, matsin wajen kilo 2 ya isa, shi ya sa aka yi mata sakata a gefe.

A iri na biyu kunama ke yin aiki biyu, ta ja guduma baya sannan ta sake ta. Libarbar Smith & Wesson da 'yan sandan ƙasashe da yawa suka daɗe suna riƙewa tana cikin wannan sahu. Ba ta jiran a ɗana ta, illa dai jan yana da tsawo da nauyi, wajen kilo 5, kuma wannan nauyin shi ne kariyarta. Akwai kuma masu haɗa biyun, irin Walther PP ta Jamus da ta fito a 1929 da Beretta 92 ta Italiya: jan farko mai nauyi, na bayansa masu sauƙi. Nan ne sabon hannu ke ruɗewa, don yatsan da ya sha wuya a harbin farko sai ya saki na biyu bai shirya ba.

Glock kuwa, wadda Gaston Glock ya ƙera, sojojin Ostiriya suka karɓe ta a 1982, ba ta da guduma ko kaɗan. Wani tsinke ne mai sifirin a cikinta. Idan an ja samanta harsashi ya hau, tsinken ya ɗanu rabi, kunama ce ke ƙarasa jan ta sake shi. Babu sakatar da ake zarewa da babban yatsa. Kariyarta uku ne, ɗaya ɗan harshe ne a tsakiyar kunama, biyu suna ciki, kuma duk suna buɗewa da zarar yatsa ya matsa. Wannan ne ya sa 'yan sandan birnin New York suka daɗe suna ƙara wa kunamar tasu nauyi har ta kai wajen kilo 5. Ke nan abubuwa biyun da jarumina ya dogara da su babu ko ɗaya a jikin bindigar.

Na so in kare kaina da cewa labari ne kawai. Kawu bai bar ni na kai aya ba. Ya ce, "Yaron da ya karanta wannan, ran da ya ga bindigar wansa a ƙarƙashin matashi zai duba ƙeyarta, ya ga ba a ɗana ba, ya nuna wa ƙanwarsa da wasa." Jikina ya yi sanyi. Da sunan gari na kuskure ko launin kaki, da abin ya tsaya a dariya. Ni kuwa na koya wa mutane cewa ana iya duban bindiga a yanke hukuncin ba za ta tashi ba.

Da aka zo sake bugu na rushe babin na gina wani, amarya ta tsira ta wata hanya. Ban zama na farko da aka yi wa irin wannan gyara ba. A 1956 wani masanin bindigogi a Gilasgo, Geoffrey Boothroyd, ya rubuta wa Ian Fleming cewa 'yar Beretta da ya ba James Bond ba ta dace da aikinsa ba. Fleming bai yi fushi ba, ya musanya ta da Walther PPK a littafin Dr. No na 1958, har ya sa wa mai kula da makaman Bond sunan mutumin. Shi gyara ya zo masa a wasiƙa daga wata uwa duniya, ni kuwa masanin yana gidanmu, girman kai ya hana ni tambaya. Matambayi ba ya ɓata.

Ga 'yan uwana marubuta da masu shirya fim, duk abin da zai iya kisa, bindiga ne ko magani ko wutar lantarki, a kai shafin gaban mai sana'ar kafin a kai shi maɗaba'a. Masu sana'ar bindiga kuwa ƙa'idarsu ɗaya ce ga kowane iri: a ɗauka akwai harsashi a ciki, kada a nuna ta ga mutum da wasa, kuma yatsa ya yi nesa da kunama.