Haƙuri Iri Biyu

Ku matso kusa, 'yan'uwa, maganar nan tamu ce, kada ta fita daga zauren nan. Malam, ɗazu ka ce mutumin Daura ya gaji haƙuri tun kaka da kakanni. Haka ne, Allah ya gafarta Malam, sai dai haƙurin iri biyu ne, kuma dukansu suna cikin tarihin garin nan.

Ku tuna labarin rijiyar Kusugu. Ruwa na nan cikin rijiya kullum, amma maciji ya hana ɗiba sai ranar Juma'a. Mutane suka tanadi tuluna da randuna, suka tsara kwanakinsu bisa tsoro, uwa ta haifi ɗa ta koya masa cewa haka duniya take. Sai da baƙo, Bayajidda, ya sauka gidan tsohuwa Ayana, ya nemi ruwa aka ce babu, sannan aka samu wanda ya ƙi yarda. Wallahi wannan wurin ne ke taɓa mini zuciya. Ɗan Adam kan saba da ƙunci har ya ɗauka ibada yake yi, alhali tsoro ne ya zaunar da shi.

Ɗaya haƙurin kuwa, a 1805 ne mutanen jihadi ƙarƙashin Malam Ishaku suka ci Daura, sarkin garin, Sarkin Gwari Abdu, ya fita. Zuriyarsa ba su naɗe hannu ba. Suka zauna a Zango da Ɓaure, suka yi noma, suka riƙe gidansu kusan shekara 100, har Malam Musa ya komo daga Zango a farkon zamanin Turawa. Abdurrahman da ya gaje shi ya yi sarauta daga 1911 zuwa 1966. Waɗanda suka fita ba su ga komowar ba, amma kowannensu ya yi aikin ranarsa, ya bar wa Allah sauran.

To, Yaya, kai nake nufi, ka yi mini afuwa. Tun rabon gonar nan ba ku gaisa da ƙanenka ba, kana cewa haƙuri kake yi. Mu da muke zama da kai mun san ba ka barci. Hajiya ma ta sani, kunya ce ta hana ta faɗa maka. Gobe idan an idar da sallar asuba, ni da Malam za mu raka ka ƙofar gidansa. Kai za ka fara yin sallama.