Daminar 2012 a Cikin Injuna

Litinin, 4 ga Nuwamba
Na tura aikin WRF, manhajar kwaikwayon yanayi, zuwa babbar kwamfuta da hantsi. Daminar 2012, shekarar ambaliya, daga gaɓar teku zuwa Agadas. An yanka taswirar gunduwa-gunduwa, kowace ƙwaƙwalwar kwamfuta da nata yanki, manhajar MPI na kai saƙon iska da raɓa tsakanin maƙwabta. Na nemi ƙwaƙwalwa 128. Slurm, mai rabon injuna, ya sa ni a layi.

Talata
Layi dai.

Laraba, 6 ga Nuwamba
Ya tashi da asuba! Watan Yuni na tafiya sumul. Shayi, sannan ido a kan allo har azahar.

Alhamis
Cak. Bai mutu ba, bai motsa ba. Injuna na nuna suna aiki, fayil ba ya ƙaruwa. Cirko-cirko ke nan: wannan na jiran saƙon wancan, wancan na jiran na wannan. Kowace ƙwaƙwalwa da nata fayil ɗin rahoto, ɗaya bayan ɗaya nake buɗewa. Ta 73 ce ta yi shiru kafin saura. Me ya same ta?

Asabar, 9 ga Nuwamba
Daga ajiyar ƙarshen Yuni na ci gaba. Na ninka zuwa 256, saurin ko rabi bai ƙaru ba. Yankunan sun ƙanƙance, hira a kan iyaka ta fi lissafi yawa. Ga rubuta sakamako, ƙwaƙwalwa ɗaya ke tattarawa, sauran na zaune. Gayya ce mai ƙofar rumbu ɗaya. Masanin kwamfuta Amdahl ya faɗa tun 1967: in kashi 5 cikin ɗari na aiki ba ya rabuwa, sauri ba zai wuce ninki 20 ba, ko injuna nawa aka tara.

Lahadi
Ban buɗe kwamfuta ba.

Talata, 12 ga Nuwamba
Abin da ya hana ni barci: ruwan Yuli na 128 da na 256 ba ɗaya ba ne. Bambancin ya faro daga can ƙarshen lambobi. Kwamfuta na datse wutsiyar lamba, tsarin tarawa ya sauya, jimla ta ɗan goce. Yanayi kuwa ba ya yafe ƙaramin kuskure. Bayan mako biyu, hadarin da ya sauka Zinder a ɗayan ya zarce a ɗayan. Wanne zan yarda da shi?

Laraba
Malamina ya ce in gudanar da aikin sau biyar, in ɗauki matsakaici. Sa'o'in da aka ware mana sun kusa ƙarewa. Na tura uku. Agusta ko taɓa shi ba a yi ba.