Addis Ababa: Birnin da motocinsa suka fara yin shiru

Yawancin 'yan kasuwarmu da maniyyata Umara sun san Addis Ababa, amma sanin shanu. Filin jirgin sama na Bole kaɗai suka sani, inda ake jiran jirgin Dubai ko Jidda ko Gwanzu, a sha shayi, a yi sallah, a wuce. Wanda Allah Ya nufa ya fita daga filin ya shiga gari, abu na farko da zai tarbe shi shi ne sanyi, domin birnin yana bisa tudu mai tsayin kimanin mita 2,355 daga doron teku. Abu na biyu kuwa sai mai lura zai gane shi: a kan manyan tituna, tsakanin tsofaffin bas-bas masu launin shuɗi da fari da ke tuƙar hayaƙi, akwai motoci masu yawa da ke wucewa sulu, ba ƙugin inji, ba salansa, sai ƙarar taya a kan kwalta.

Waɗannan su ne motocin lantarki, kuma ba kwatsam suka cika gari ba. A watan Janairun 2024 Ministan Sufuri na Habasha, Alemu Sime, ya sanar da cewa ƙasar ta daina barin a shigo da motocin hawa masu amfani da fetur ko dizal. Babu ƙasar da ta riga ta ɗaukar wannan mataki, har da manyan ƙasashen Turai da suka daɗe suna wa'azin tsaftar muhalli. Tun kafin nan, a 2022, gwamnati ta sauke wa motocin lantarki yawancin harajin da ke kansu, ta bar musu kuɗin fito kaɗan, alhali harajin motar fetur a ƙasar kan ninka farashinta na asali.

Dalilin Habashawa bai tsaya ga batun hayaƙi ba, magana ce ta aljihu. Ƙasar ba ta da gaɓar teku tun da Eritiriya ta ɓalle a 1993. Kusan duk man da take sha ta tashar Jibuti yake shigowa, a biya shi da dala, a ɗoro shi a tankoki su hauro da shi daga zafin bakin teku zuwa kan duwatsu. Fiye da dala biliyan 4 ke tafiya a sayen mai kowace shekara, a ƙasar da dala ke wuyar samu. A ɗaya ɓangaren kuma Allah Ya hore musu koguna. Fiye da kashi 90 cikin 100 na wutarsu daga ruwa take fitowa, kuma babbar madatsar da suka fara ginawa a kan kogin Abbay, wato Shuɗin Nilu, a 2011 zamanin Meles Zenawi, an buɗe ta a hukumance a watan Satumbar 2025 da ƙarfin megawat 5,150. Da gudummawar ma'aikata da 'yan kasuwa da 'yan ƙasar mazauna waje aka gina ta, duk da tayar da jijiyar wuya da Masar ta yi ta yi. Lissafin mai sauƙi ne: abin da kake da shi a gida ya fi wanda za ka ci bashi ka sayo.

To amma lissafin gwamnati daban, abin da mai mota ke gani da idonsa daban. Shi ya sa a kwanakin da na yi a birnin na fi mayar da hankali ga masu riƙe da sitiyari.

Direban da ya fi yawo da ni matashi ne mai tasi irin wadda ake kira ta waya. Ƙaramar mota ce ƙirar ƙasar Sin, irin waɗanda suka fi yawa a yanzu tare da manyan BYD da Volkswagen ID.4 da Toyota bZ4X na masu hali. Da na tambaye shi abin da ya fi burge shi game da ita, bai fara da kuɗi ba, da barci ya fara. A da, in ji shi, yakan kwana a layin mai, ko ya kashe rabin yini a gidan mai yana kallon fasinja na wucewa. Yanzu idan ya koma gida da dare sai ya jona motar a bango kamar yadda ake jona waya, gari na wayewa ta cika. Ba juyen baƙin mai, ba canjin fulogi, ba kafireto da zai toshe. Ko da yake an fara ƙara kuɗin wuta tun 2024, ya ce abin da yake kashewa a caji bai kama ƙafar abin da abokansa masu fetur ke kashewa ba, musamman tun da gwamnati ta fara janye tallafin mai a 2022, sannan ta saki darajar kuɗin ƙasar, Bir, a watan Yulin 2024.

A hanyar dutsen Entoto na ga abin da yake nufi da cewa motar ta dace da garin. Entoto shi ne tsaunin da ke arewacin birnin, inda Sarki Menelik na II da matarsa Taytu suka zauna kafin su sauko su kafa Addis Ababa a 1886. Hanyar hawa ce mai lanƙwasa tsakanin itatuwan turare, har sama da mita 3,000. A irin wannan tsayi iska ba ta da kauri, injin fetur kuma da iska yake numfashi, don haka ko a cikin gari yakan rasa kusan kashi ɗaya cikin biyar na ƙarfinsa. Motar lantarki ba ruwanta da wannan. Mun wuce tsofaffin motoci suna nishi, mu kuwa kamar ana jan mu da igiya. Da muka juyo gangara sai ya nuna mini allon gabansa: adadin cajin yana ƙaruwa maimakon raguwa. Idan direba ya ɗaga ƙafa, injin kan koma kamar ƙaramin janareta, nauyin motar da ke gangarawa ya mayar wa batir wani abu daga abin da hawa ya ci. Birki ma ya huta. A gefen wannan hanya ne kuma za ka ga mata sun goyo dammunan itacen girki suna saukowa da su kasuwa, abin da ke tuna wa baƙo cewa wutar madatsa ba ta kai ko'ina ba tukuna.

Hausawa na cewa kowane allazi da nasa amanu. Murnar direbana ta dogara ne ga abu guda, wato gidan da yake haya yana da harabar da mota ke shiga. Dubban mazauna Addis Ababa kuwa a rukunin gidajen bene na gwamnati suke zaune a bayan gari. Wata ma'aikaciyar ofis da ke zaune a hawa na huɗu ta shaida mini cewa ita motar lantarki ta zame mata aure da kishiya. Ba ta da inda za ta jona ta a gida, sai ta je wurin caji na kuɗi ta bi layi, wato ta gudu daga layin mai ta faɗa layin wuta. Wasu maƙwabtanta kan zuro doguwar waya ta taga daga bene zuwa ƙasa, abin da ke jawo rigima da fargabar gobara, musamman da damina, wadda a can takan kama daga Yuni zuwa Satumba. Ga kuma ɗauke wuta, domin yawan megawat a madatsa bai hana tsofaffin wayoyi da na'urorin rarraba wuta na unguwa gajiya ba. Daren da aka ɗauke wuta, mai tasi ya san gobe ba fita da wuri.

Ƙorafi na biyu shi ne tafiya. Wuraren cajin gaggawa kusan duk a babban birnin suke. Zuwa Bishoftu ko Adama, mai nisan ƙasa da kilomita 100 a kan babbar hanyar da aka buɗe a 2014, ba matsala. Hawassa mai nisan kimanin kilomita 275 sai an yi lissafi, an rage gudu, an kashe na'urar sanyaya mota. Bahir Dar da Harar kuwa, da kowanne ya haura kilomita 500, magana ce ta daban. Mai zuwa Bahir Dar dole ya sauka cikin kwazazzabon Abbay, ya gangara fiye da mita 1,000 sannan ya sake haurawa, kuma babu wanda ke son cajinsa ya ƙare a tsakiyar wannan hawa. Habashawa kamar mu suke, mutane ne masu komawa ƙauye lokacin salla da biki da ta'aziyya. Wani dattijo ɗan kasuwa ya ce mini shi da za a ba shi zaɓi, motar ruwa-biyu zai ɗauka, mai haɗa batir da fetur, ta yi masa yawon gari da wuta, ranar tafiya gida kuma ta sha mai. A yanzu dai motoci biyu ya ajiye, sabuwa don gari, tsohuwa don hanya, kuma ya san ba kowa ke da wannan hali ba.

Ƙorafi na uku a bakin kanikawa na ji shi. Bakaniken Addis Ababa ya shekara talatin yana kwance injin Toyota da Lada, yana iya gane ciwon mota da jin sautinta. Yau an kawo masa motar da ba ta da sauti, cikinta wayoyi ne masu ƙarfin wutar da za ta iya kashe mutum nan take, ciwonta kuma sai kwamfuta ke karanta shi. Da yawa daga motocin 'yan kasuwa ne suka sayo su kai-tsaye daga kasuwar ƙasar Sin, ba ta hannun wakilin kamfani ba, don haka babu garanti, wasu ma rubutun allonsu da harshen Sinanci yake. Wani mai mota ya ba ni labarin yadda ɗan ƙaramin karo ya ajiye masa mota makonni yana jiran fitila da madubi su iso daga waje. Akwai masu harhaɗa motoci a cikin gida. Kamfanin shahararren ɗan tseren nan Haile Gebrselassie ya fitar da Hyundai Ioniq mai lantarki tun 2020. Sai dai koyar da kanikawa da tara kayan gyara aiki ne na shekaru, doka kuwa rana ɗaya ta fito.

Akwai kuma fargabar da ba a cika faɗa da ƙarfi ba. A Habasha tsohuwar mota asusu ce. Saboda tsadar haraji da faɗuwar darajar kuɗi, mutum kan sayi tsohuwar Vitz ko Corolla, ya mora shekaru, ya sayar da ita fiye da yadda ya saya. Motar lantarki ba ta da wannan tarihi. Batir shi ne mafi tsada a jikinta, kuma ƙarfinsa na raguwa da shekaru. Mai saye na biyu zai tambayi lafiyar batir kafin ya tambayi launin mota, kuma har yanzu kasuwa ba ta daidaita kan amsar ba.

Wanda ke son ganin iyakar wannan sauyi ya je Merkato, kasuwar da ake sanyawa cikin mafi girma a Afirka. A kewayen Masallacin Anwar, jakuna da 'yan dako da tsofaffin bas-bas ne ke riƙe da gari, yaran mota na rataye a ƙofa suna kiran sunayen unguwanni. Nan za ka tuna cewa a ƙasa mai mutum sama da miliyan 120, masu mota ƙalilan ne, kuma kusan rabin jama'a ba su da wutar lantarki a gidajensu. Talakan birnin ya fi amfana da jirgin ƙasa mai lantarki da aka buɗe a 2015 da bas-bas masu batir da aka fara sawa a hanya, fiye da kowace motar alfarma.

Me ya rage mana mu da muke kallo daga Kano ko Kaduna ko Maraɗi? Tun da aka cire tallafin mai a Najeriya ranar 29 ga Mayun 2023, zancen motar lantarki da adaidaita mai batir ya shiga bakin jama'a, kuma yana da kyau ya shiga. Amma Habashawa madatsa suka fara ginawa kafin su kafa doka, kuma duk da haka mai karatu ya ga inda takalmi ke matsa musu. Mu kuwa wutar da ke isa ga mutum fiye da miliyan 200 takan tsaya ne tsakanin megawat 4,000 zuwa 5,000, abin da madatsarsu guda ke iya bayarwa, aikin Mambila mai megawat 3,050 kuma ya shafe shekaru fiye da 40 a takarda. Wanda zai caja motarsa da janareta fetur ɗin dai ya saya, sai dai ya bi da shi ta doguwar hanya. Sannan Addis Ababa gari ne mai sanyi, batir kuma yana son sanyi. Zafin watan Afrilu na ƙasar Hausa, da ke haura digiri 40, yana saurin tsufar da shi idan ba a yi masa tanadi ba.

Abin da muke da shi wanda ya fi nasu shi ne rana. Idan jihohinmu na son shiga wannan tafiya, hanyar da ta fi kusa ita ce tashoshin caji masu amfani da hasken rana a kasuwanni da tashoshin mota, a fara da adaidaita da bas na cikin gari waɗanda ba sa nisa, a kuma shigar da gyaran batir cikin karatun kwalejojin fasaha tun kafin motocin su yi yawa, a tilasta wa duk mai shigo da su ya shigo da kayan gyaransu. Masu motocin Addis Ababa da na zanta da su, har da masu ƙorafin cikinsu, kusan babu wanda ya ce yana marmarin komawa layin mai. Roƙonsu ga hukuma shi ne wurin caji a unguwa da kan hanya, da bakanike mai ilimi, da wutar da ba ta yankewa. Allah Ya ba shugabanninmu ikon jin wannan roƙo tun kafin ya zama namu.