Abin da yankan gilas ya koya min game da sikirin ɗin waya

Da yawanku da gyaran waya kuka san ni, amma sana'ar da na fara bayan na gama sakandare ita ce yankan gilas. Shekara biyu na yi a wajen wasu masu haɗa taga da ƙofar alminiyam a nan Kano kafin na koma kasuwar waya ta Farm Centre. Rabin abin da nake ci da shi yau, wallahi a can na samo shi.

Abu na farko da maigidana ya koya min shi ne ba a yanka gilas yadda ake yanka katako. Abin yankan da muke kira dayamon, wata 'yar mitsitsiyar taya ce ta ƙarfe mai tauri a bakin mariƙi. Za ka shimfiɗa gilas a kan tebur mai kafet, ka auna da tef, ka ɗora rula, ka tsoma bakin dayamon a kananzir, sannan ka ja layi sau ɗaya tak daga wannan gefe zuwa wancan. Layin nan karce ne kawai, bai ratsa ba. Sai ka kawo shi bakin tebur ka ɗan danna, ka ji ƙas! ya rabu biyu daidai kan layin. Gilas mai kaurin milimita 5, amma ɗan karcen da da kyar ido ke gani shi ya karya shi. Ku riƙe wannan, za mu dawo kansa.

Aikin ba ya yafiya. Awo ya ragu da milimita 3, shi ke nan, gilas ba ya ƙaruwa, daga kuɗinka za a cire. Ba safar hannu, ba tabarau, da silifas muke yawo cikin ɓaraguzai. Akwai abokina da muka fara koyo tare. Rannan suna sauke wani babban gilas daga mota su biyu, ashe akwai ɗan tsagi a gefensa, sai ya rabu a hannunsu ya yanke shi a wuyan hannu. An yi ɗinki ya warke, amma har yau yatsunsa biyu ba sa lanƙwasuwa sosai. Bayan wannan ne Innarmu ta ce in nemi wata sana'ar tun hannuna na nan.

Su waɗannan manyan gilasan a masana'anta ake yin su. Ana narka yashi da soda da farar ƙasa a wuta mai zafin kusan digiri 1,500, sai a kwarara ruwan gilas ɗin a kan narkakkiyar kuza. Yana yawo a samanta kamar mai a kan ruwa, shi ya sa yake fitowa sumul. Kamfanin Pilkington na Ingila ne ya fito da wannan dabara a 1959. A can inji ne ke yanka, mai kula da shi yana gaban kwamfuta yana sa awo, amma hanyar ɗaya ce da tamu: a ja karce, a karya.

Akwai kuma gilas ɗin da ko nawa za ka biya ba za mu yanka maka ba, wato wanda aka gasa, irin na tagar gefen mota. Ana zafafa shi sama da digiri 600, sannan a huce shi da iska nan take, sai fatarsa ta waje ta matse gam. Matsewar nan ita ce ƙarfinsa, domin tana hana ƙaramin karce buɗewa. Amma da karce ya wuce fatar ya shiga ciki, duka zai tarwatse ya zama tsakuwa. Shi ya sa ake yanka shi tukuna, sannan a gasa.

To, gilashin wayarku ɗan gidansu ne. Kaurinsa bai kai milimita 1 ba, ya yi siririn da ba za a gasa shi da iska ba, don haka ake tsoma shi a narkakken gishirin fotasiyam mai zafin kusan digiri 400. Ƙananan ƙwayoyin sodiyam da ke fatar gilas ɗin su fita, manya na fotasiyam su maye gurbinsu. Kamar a sauke yara uku daga adaidaita sahu a cusa ƙarti uku ne, kujera ta matse ba wurin motsi. Haka kamfanin Corning na Amurka ke yin Gorilla Glass, kuma gilashinsu ne a fuskar iPhone ta farko a 2007.

Kusan kullum sai wani ya zo min yana cewa, "Wallahi Malam, faɗuwar ba ta kai gwiwa ba, ga shi ta tsage." Idan na haska fitila na bi tsagin, sau da yawa sai in tarar daga wani tsohon karce ko ɗan ɓantare a kusurwa ya taso. An riga an ja layin tun tuni, faɗuwar ta zo ta danna ne kawai.

Wa ya ja layin? Mutane makulli suke zargi, amma babban mai laifi yashi ne. A ma'aunin taurin duwatsu da ke tafiya daga 1 zuwa 10, gilashin waya yana wajen 6, ƙwayar yashi tana 7. Ƙurar hunturu cike take da shi. Duk lokacin da ka goge sikirin mai ƙura da bakin riga, ka zama mai yankan gilas ba ka sani ba. Shi kuma 9H da kuke gani a kwalin sikirin gad, ma'aunin taurin fensir ne, ba ya nufin yashi ba zai karce shi ba.

Don haka ga shawarata:

1. Ka hure ƙura tukuna, sannan ka goge da kyalle mai laushi.
2. Ka riƙa kakkaɓe aljihu da jaka, yashi na taruwa a ƙasansu.
3. Sikirin gad ya tsage, ka canza shi. Ya gama aikinsa.
4. Ka sa wa waya rigar roba mai ɗan tudu a kusurwoyi, domin gefe ne raunin gilas.
5. Kar a ba yaro waya mai fasasshen sikirin. Ƙananan ɓaraguzan nan na shiga yatsa.

Yanzu idan na ɗora sikirin a kan injin rabawa ya yi zafi, na zura siririyar waya tsakanin gilas da abin da ke nuna hoto, hannun nan na dayamon nake amfani da shi: a natse, ba tsayawa, ba komawa baya. Hannun ya ɗan karkace, sikirin mai tsada ya tafi.

Masu yankan gilas ina gaishe ku. Duk tagar da muke leƙawa ta bi ta hannunku, kuma ba mai tunawa da ku sai ta fashe. Ku kuma iyayen gida masu irin wannan waje, don Allah ku saya wa yaranku safar hannu mai kauri da tabarau da takalmi rufaffe. Gilas ya fashe a sayo wani, yatsa kuwa ba a sayar da shi a kasuwa. Allah ya tsare mana hannuwanmu, ya sa albarka a neman kowa.