Bayan Ɗinki Ya Warke

Gaya gari ne na masu ɗaukar kaya. Yana bakin kogin Isa, yana kallon Malanbil ta ƙasar Benin a ƙetare, ga kuma Kamba ta Najeriya a kusa. Shinkafar fadama da rake da kifi da gishirin Foga, duk sai sun hau kan wani kafin su isa kasuwa, kuma sau da yawa kan mace ne. Ita ce mai daka, ita ce mai jan guga, ga goyo a baya. A irin wannan gari, gadon bayan mace shi ne jarin gida.

A shekarar 2005, zamanin Shugaba Tanja Mamadu, gwamnatin Nijar ta mai da tiyatar haihuwa kyauta a asibitocin hukuma. Alheri ne babba, domin macen da a da naƙuda za ta yi ajalinta ana neman kuɗin aiki, ta sami hanyar tsira da abin da ke cikinta. Sai dai kulawar asibiti takan tsaya inda ɗinki ya tsaya. Da zarar miki ya kame, an sallami mai jego, sauran labarin nata ne ita kaɗai.

Tana komawa gida sai ta tarar al'ada ba ta san yadda za ta yi da ita ba. Wankan jego da ruwan zafi da ganye, da tausar da ungozoma kan yi, an gaje su ne domin wadda ta haihu da kanta. Ungozoma na ganin tabon wuƙa sai ta janye hannu. Ana yin arba'in, mai jego ta koma bakin turmi, sai ƙugu ya riƙe. Ta sunkuya wanki, miƙewa ta gagara. Ta yi ruku'u, sai ta dafa bango. Ta ɗora laifin a kan allurar da aka yi mata a baya ranar aiki. Uwar miji kuwa amsarta ɗaya ce: “Ki yi haƙuri, ƴata, haka haihuwa take.”

To amma allurar ba ta cika zama mai laifi ba, tsamin da take bari na ƴan kwanaki ne. Asalin abin yana gaba, ba baya ba. Naman ciki da na ƙugu su ne ɗamarar da ke tallafe ƙashin baya. Wata tara suna miƙewa, sannan likita ya tsaga fata, ya ware naman don ya kai ga mahaifa. Bayan aiki, zafi kan sa mace tafiya a duƙe tana kāre mikin, naman ciki ya yi sanyi, nauyi duka ya koma wa baya. Wani lokaci tabon kan manne da naman ƙarƙashinsa ya riƙa ja.

Nan ne aikin likitan gashi, wanda a Nijar ake kira kine, yake shigowa. Kayan aikinsa na farko hannu ne. Yakan lalubo inda nama ya ɗaure ya tausa, ya motsa gaɓoɓin ƙugu sannu a hankali. Idan miki ya warke sarai, wajen mako shida, sai ya murza tabon da kan yatsa don ya saki. Daga nan ya koya mata yadda za ta tashi daga shimfiɗa ta gefe, yadda za ta lanƙwasa gwiwa in za ta ɗaga tulu, da motsa jikin da zai farfaɗo da ɗamarar. Tausa kaɗai sauƙi ne na ɗan lokaci. A jagorar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a Disamban 2023 kan ciwon baya mai daɗewa, ta amince da tausa tare da motsa jiki da ilimantar da majiyyaci, ta kuma hana dogaro da ɗamarar ƙugu da magungunan kashe zafi masu sa maye.

A wannan wata ne kuma wani nazari da aka buga a mujallar Lancet Global Health ya nuna kashi 32 cikin 100 na matan da suka haihu kan yi fama da ciwon baya mai jan lokaci. Ke nan ba raki ba ne. Amma masu wannan sana'a sun fi taruwa a manyan birane irin su Yamai, kuma daga Gaya zuwa Doso kaɗai tafiyar kilomita kusan 150 ce.

Hannu dai akwai shi a Gaya, ilimi ne bai riske shi ba. Ungozomar da ta iya tausa za ta iya koyon inda ake taɓawa da lokacin da ake jira. Za ta iya koyon alamun da ba na tausa ba ne: zazzaɓi, miki mai ruwa, ƙafa mai mutuwa ko kumbura, fitsari mai kufcewa, waɗanda maganinsu asibiti ne nan take. Arba'in ɗin da kakanni suka ware ta yi daidai da mako shidan likita, ya kamata ranar ta zama ta duba baya, ba ta komawa daka ba. Mai gida kuma da ya sayi ragon suna ba zai kasa sayen ruwan ga-ruwa na wata biyu ba. An ce ciwon ƴa mace na ƴa mace ne, amma ran da bayanta ya gaza, gidan ne duka ke kwana da yunwa.