Neman Inna Laraba, Daga Ƙanƙara Har Sabuwa

Yau labarin wata tafiya na kawo muku, wadda na yi bara da kaka, bayan na gama kwalejin horon malamai, tun ba a ba ni aji ba.

Kakata ce ta aike ni. Shekarunta sun kai 80, tana zaune wurinmu a Funtuwa tun da 'yan bindiga suka tashi ƙauyensu a ƙasar Faskari. Wata rana ina yi mata tsifa, sai ta ce, "Ke da aka ce kin yi ilmi, ki nemo mini Inna Laraba kafin in bar duniya." Watau ƙanwar mahaifiyarta. Asalinmu Maguzawa ne, ba na kuwa jin kunyar faɗi. Gidan su kakata suka musulunta, ita kuwa Laraba ta auri wani maƙeri wanda ya bi Turawan Mishan, tun kakata tana goye. Daga nan zumunci ya yanke. Guzurin da aka ba ni ke nan: sunanta na rana, mijinta maƙeri, ita kuma bahaguwa ce.

Ni da Kawu muka tashi da sassafe, muka bi hanyar Gusau, muka ratse a Sheme zuwa Ƙanƙara, don an ce dangin maƙerin daga wajen Pauwa su ke, tsohon garin da har yanzu hakimin Ƙanƙara ke ɗauke da sunan sarautarsa. Gari ne mai farar ƙasa, ko'ina ka duba buhunanta ne a jibge ana jiran mota. Amma a bakin mutanen nesa, an fi saninsa da abin da ya faru a Disamba 1920 da ɗari, watau 2020, sa'ad da aka kwashe ɗalibai fiye da 300 daga makarantar kimiyya. Saboda haka direbanmu ya gargaɗe mu, la'asar kada ta same mu a hanya.

A wata ƙaramar majami'a muka sami wani dattijo wanda ya daɗe da barin aiki. Na yi zaton zai yi ɗari-ɗari da ni don ganin mayafina, ashe ban san shi ba. Ya sa aka kawo mana ruwa, ya jawo akwatin ƙarfe daga ƙarƙashin gado, ya fito da littattafan rajista uku. Gara ta cinye bayan ɗaya, ruwan sama ya narkar da tawadar wani. Kowane shafi an ja masa layuka: ranar baftisma, sabon suna, sunan iyaye, gari, da wanda ya yi baftismar. Na buɗe shafin farko da ɗoki, sai na ga duk bayan samun mulkin kai aka fara su.

Na ce, "Baba, ina na dā?" Ya yi dariya ya ce in tuna tarihin da aka koya mini. Da Turawa suka ci Katsina a 1903, sun yi wa sarakuna alkawari ba za su taɓa addini ba, don haka suka tsare 'yan Mishan daga ƙasashen sarakunan Musulmi. Likita Miller ya zauna birnin Zariya tun 1905, daga baya aikinsu ya koma Wusasa, inda aka gina majami'ar ƙasa a 1929. Daga can ne suka riƙa aiko mutane Maska da Bakori da Tsafe. Ƙungiyar SIM kuwa sai a shekarun 1930 ta sami shiga lardin Katsina, da aikin kutare a Babbar Ruga. To, wanda duk ya shiga Mishan a ƙasarmu a zamanin nan, sunansa ya bi Baturen da ya rubuta shi. Waɗansu takardun suna Wusasa, waɗansu ma suna Jami'ar Birmingham a Ingila.

Duk da haka na zauna na karanta, ko za a dace da 'ya'yanta. A nan na ga abin da ya ɓata mini rai. Namiji ana rubuta sunansa da na ubansa. Mace kuwa in an ba ta sabon suna, Saratu ko Rifkatu ko Hannatu, sai a liƙa mata sunan miji, shi ke nan an shafe gidan da ta fito. Inda aka bar sunan rana ma, Laraba huɗu na ƙirga. Wace ce tamu? Littafi ba ya faɗin wadda ke tuƙa tuwo da hannun hagu.

Kashegari muka nufi Faskari, ƙasar duwatsu. Tun ina yarinya na ke jin labarin Birnin Kogo a bakin kakata, na kuma karanta shi a littafin Dokta Yusufu Bala Usman na tarihin Katsina wanda ya fito a 1981. Amma littafi ne na sarauta da yaƙi da fatauci, ba wurin neman matar maƙeri ba ne. Ƙauyenmu kuwa ba mu iya zuwa ba. Mutanensa sun watse, waɗansu suna raɓe a gidajen dangi cikin gari.

Cikinsu aka kai ni wurin wata tsohuwa makauniya. Na durƙusa na gai da ita, na ce, "Iya, jikar wance ce." Ta shafa fuskata ta yi ta kuka. Jama'a, a nan na gane mu mata muna da namu laifin wajen ɓatar da suna. Tsohuwar nan ta san kowa, amma ba ta faɗin sunan mijinta, ba ta faɗin na surukanta, ba ta faɗin na ɗanta na fari. Daga "mai gidan nan" sai "uban wancan yaro". Alkunya abu ne mai kyau, da ita aka rene mu, amma ranar nan ta ba ni wuya. Na tuna da Baba ta Karo, wadda ta zauna da Baturiya Mary Smith a Giwa da Zariya a 1949 da 1950 ta ba da labarin rayuwarta, aka buga a 1954. Tsohuwa ɗaya ke nan aka rubuta. Ga irinta nan birjik a zaurukan gudun hijira, ba mai tambayarsu.

Da na ambaci hannun hagu sai ta ce, "Af, Bahaguwa! Ai da haka za ki ce." Ta ce sun zauna Funtuwa, mijin yana ƙera fartanya ga manoman auduga, sa'an nan suka yi kudu neman gona, wajen Sabuwa.

Sabuwa ta hanyar Ɗandume a ke zuwa, ƙasa ce mai dausayi, masara da dawa sun fi mutum tsawo. Ba mu sha wuya ba. Mai sayar da ƙosai a tasha ta ji "jikokin Bahaguwa", ta haɗa mu da yaro. Muka tarad da Inna Laraba ta daɗe da rasuwa, amma 'yarta ta fari tana nan, tsohuwa kusan tsarar kakata. Ba ta yarda da ni nan da nan ba, kuma ban ga laifinta ba, zamanin ya sa kowa tsoron baƙo. Sai da Kawu ya lissafa mata gonakin ƙauyenmu da rijiyarsa, sa'an nan ta aiki jikanta ya ɗauko Littafi Mai Tsarki na Hausa, irin fassarar 1932, a naɗe cikin tsumma. A farar takardar farko maƙerin ya rubuta 'ya'yansa da hannunsa, kowa da shekararsa, da baƙaƙe manya-manya irin na wanda ya koyi boko da girma. Sunan farko na ita tsohuwar ne. Ta ce uwarta ce ta nace a sa mata shi, sunan yayarta ne da ta baro a Faskari, duk da fasto ya so a zaɓi wani.

Ni ban taɓa jin sunan mahaifiyar kakata ba, don kakata ba ta faɗinsa, ni ma ba zan sa shi a jarida ba. Na buga waya Funtuwa, na ce a kai wa Kaka, na karanta mata abin da ke rubuce. Ta yi shiru har na zaci layi ya katse. Can ta ce, "Ba ni ita." Na miƙa wa tsohuwar. Ina jin muryar kakata tana fitowa daga wayar, tana cewa, "Inna, kina lafiya? Inna, ina gajiya?" Mai sunan uwa ai uwa ce.

Ta ba ni daddawa da ƙullin kuka in kai. Sun yi alkawari za ta zo Funtuwa in an gama sussuka, in hanya ta yi kyau. Kafin mu taso na kwafe shafin nan duka cikin littafin darasina, na bar fili a ƙasa don 'ya'yan yayar.