Ƙafar da ta kafe a bakin zaure

Dattijon ya shekara talatin yana koyarwa a tsaye, bai taɓa tunanin yadda ake ɗaga ƙafa ba. Yanzu kuwa, idan ya nufi masallaci da asuba, yana isa bakin zaure sai ƙafafunsa su kafe kamar an liƙe su da ƙaro. Ƙirji ya yi gaba, ƙafa ta ƙi bi. Sau biyu yana faɗuwa a wurin. Matarsa ta ce tsufa ne, ƙaninsa ya ce sammu ne. A asibiti aka ce cutar Fakinsan ce, wadda likitan Landan James Parkinson ya bayyana a 1817.

'Ya'yansa sun ɗauka larura biyu ke damunsa: wahalar tafiya da saurin faɗuwa. Alhali tushensu ɗaya. Mai tafiya yana shafe kusan kashi 80 cikin 100 na lokacinsa a kan ƙafa ɗaya. Kafin ya ɗaga ta dama, sai jiki ya fara mayar da nauyinsa kan ta hagu, ba da saninsa ba. Ƙwaƙwalwa ce ke tsara wannan, da saƙonnin da take samu daga ido, da can cikin kunne, da tafin ƙafa da gaɓoɓi.

A cutar Fakinsan, ƙwayoyin da ke samar da sinadarin dofamin suna mutuwa a hankali, sai sashen ƙwaƙwalwa mai kula da motsin da jiki ya saba ya raunana. Mayar da nauyin nan ya ragu, ya kuma makara. Ƙafar da ba a sauke wa nauyi ba kuwa ba ta ɗaguwa. Abin ya fi tsananta a wuri mai ƙunci, ko wajen juyawa, ko idan aka yi wa mutum magana yana tafe. Maganin levodopa yana sassauta sanƙarewar jiki, amma bai cika gyara tangaɗin ba.

"Baba, ku riƙa yin salla a gida," in ji babbar 'yarsa. Ƙauna ce ta sa ta faɗi haka, sai dai zaman ya ƙara lalata lamarin. Cinyoyinsa suka yi rauni, tsoro ya ƙaru, mai tsoro kuwa taku yake gajartawa, gajeren taku kuma ya fi jawo kafewa.

Likitar motsa gaɓoɓi ce ta sauya musu hanya. Idan ƙafa ta kafe, kada ya yi kokawa da ita: ya tsaya, ya karkata dama da hagu, ya ƙirga ɗaya, biyu, sannan ya taka. A ɗauke tabarmi daga hanya. A ja layuka a ƙasa ya riƙa tsallakewa, domin abin da jiki ya daina yi da kansa, ido da natsuwa suna iya tafiyar da shi.

'Yar ta ja layukan da farin fenti, daga ɗakinsa har bakin zaure. Jikansa yana rakiyarsa, an gargaɗe shi kada ya ja hannunsa, kada ya yi masa hira. Cutar tana nan, kuma ba za ta tafi ba. Yakan iske an yi raka'a ɗaya, ya shiga ƙarshen sahu, kusa da bango.